Ranar Ɗauke Gidan Noelene

An sayar da filin, babbar mota ta zo ɗaukar gidan Noelene, wanda ake iya ja da mota, ɗungurungum. Gidan nata ne, amma ƙasar ta haya ce. Ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi motsawa.

"Mama, ki tashi mana, mutane na kallo," in ji 'yarta Kerryn. "Gidan nan akwatin kwano ne fa! Shi ya sa da aka ƙona gawar Baba bisa al'adar nan, na kai tokarsa gidana na bulo, ya huta da gori."

Noelene ta shafa ƙasar da ke ƙarƙashin matakala.

"Tokar murhun gasa nama na ba ki, 'yar nan. Babanki bai taɓa jin kunyar gidansa ba. Tokarsa tana nan ƙarƙashin matakala, inda ya saba shan shayi."