Takardar da Asibiti Ta Ba Ta

"Mama, tallafin nan na waɗanda suka rasa aikinsu ne," in ji ma'aikaciyar da ke bayan gilashi. "Ina kika yi aiki?"

"A gida, 'yata. Shekara goma sha uku ina jinyar maigidana. Ni ke ɗaga shi, ni ke kwantar da shi."

"Wannan ba ya cikin lissafinmu."

Wani tsohon direba a bayanta ya ja tsaki. "Da tallafin kowa da kowa suka kawo, wa zai tambaye ki?"

Ko juyowa ba ta yi ba. Tun makon jiya ba abin da ke taɓa ta.

"Sai da takardar sallama, Mama."

Ta buɗe jaka a hankali, ta tura wadda take da ita ta ƙarƙashin gilashin. Shaidar rasuwarsa ce.