Mai Ƙaho a Kan Rimi

Ka tambaye ni me ake nufi da haɗa baki da abokin gaba, kana zaton sai mutum ya ɗauki takobi ya koma wancan ɓangaren. Ai ba sai an kai can ba. A wani gari mai ganuwa akwai rimi a bakin ƙofa, kuma duk damina akan ajiye mutum a ƙwanƙolinsa da ƙaho. In ya hango mahara ya busa, manoma su yar da fartanya su ruga ciki, a rufe ƙofa. Shekara da shekaru wani mutum yana can sama, daga shi sai shirwa. Daga can kogi kamar zare yake, kuma a ƙarshen gani akwai wani dutse shuɗi-shuɗi da ke iyo cikin gajimare. Ya kalli dutsen nan har ya fara mafarkinsa ido biyu, yana ganin kansa bisa farin doki ya wuce ta bayansa, inda bai taɓa sanin me ke akwai ba.

Sai ga wani falke mai kanwa, ya riƙa hutawa a gindin rimin har suka saba. Ya ce shi daga bayan dutsen yake, kuma samo masa farin doki ba wuya. Bai nemi a buɗe masa ƙofa ba. Abin da ya roƙa, ranar Alhamis in ƙura ta tashi, a jinkirta busa har inuwar rimin ta taɓa ganuwa, gidan mai ƙaho kuwa ba mai taɓawa. Mai ƙaho ya yarda, ya gaya wa tsohuwarsa ta zauna gida ranar, bai faɗi dalili ba. Ta ce to. Da hantsi ta tuna ciyawa ta ci gyaɗarta a gona mafi nisa, ta ɗauki fartanya. Maƙwabciya ta ce mata nisan ya yi yawa, ta yi dariya ta ce, "Tsoron me zan ji, ɗana ne a kan rimi." Ƙura ta tashi, ya riƙe ƙaho yana kallon inuwa tana rarrafe. Da ya busa, dawakai sun riga sun cakuɗe da masu gudu, ƙofa ba ta rufu ba. Daga sama ya gane koɗaɗɗen zanen tsohuwarsa cikin waɗanda aka ɗaure, ya bi shi da ido har ya shige bayan dutsen. Ni har yau tausayinsa nake ji, don bai bugi kowa ba, shiru kawai ya sayar. Shi ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.