Baƙin Dodo da Bakin Dodo

Ka ce ka tsufa da karatun labari. To, saurara.

An yi wani tela a garinmu, mayen karatu. Yana yaro ba abin da yake so irin labarin dodanni masu fikafikai, masu aman wuta. Da gemu ya fito, ya koma littattafan soyayya. Da ya yi aure ya ce duk ƙarya ce, ya kama na 'yan sanda da ɓarayi. Furfura ta zo, ya ce shi yanzu sai tarihi. Na dodanni kuwa ya ɗaure su da igiya ya jefa saman sif, kada abokan hira su gani su yi masa dariya.

Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, harshe ya ƙi. In ya ce ƙosai, sai a ji kosai. Kunya ta hana shi fita majalisa, gaisuwa ma da hannu yake amsawa. Likita ya ce kullum ya riƙa karatu a bayyane, in ba haka ba harshen zai zauna yadda yake. Ya ɗauko tarihi, bai kai ƙarshen shafi ba ya yi hamma. Ya gwada soyayya, ya ja tsaki. Rannan ya nuna wa matarsa saman sif, ta sauko da ƙunshin. Ya buɗe ɗaya, inda wani baƙin dodo ya sauka kan dutsen bayan gari. Da ya karanta, sai ya ce bakin dodo.

Matar na tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, launinsa kake nufi, ko abin da yake cin mutane da shi?"

Ya harare ta. Ya manta ƙarshen labarin, ya kuma ƙagu ya san ko dodon zai ƙone garin, amma ya yi alkawari ba zai juya shafi ba sai kalmar ta fito daidai. Ya yi ta maimaitawa, gumi na zuba, maƙogwaro na zafi. Ranar da ta fito ya juya, ya tarar da kalmomin ƙaho da ƙugiya suna jiransa. Haka ya yi ta fama da su har damina ta wuce.

Da ya kai bangon ƙarshe, ya sa hula ya nufi majalisa da littafin a hammata, bai ɓoye ba. Wani ya ce, "Da tsufanka, mene ne wannan?"

Ya ce, "Baƙin dodo ne, bakinsa wuta. Zan karanta. Wanda ya ƙosa ya tashi."

Kowace kalma ta fito tangaran, kuma ba wanda ya tashi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, da tsohuwar zuma ake magani.