Ƙarar Kunnen Dije

Zuwan Dije na uku ke nan wannan asibitin na Jega da kukan ƙarar kunne, kuma yau ma ta sauka daga babur ba ta ce wa mai babur ɗin ko sannu ba. Shi ma da alama bai saba jiran sannun ba. Ya tura babur ɗinsa gindin dogon yaro, ya zauna da sauran farin gari a girarsa, ya dafe gefen kai da tafin hannu.

Daga rugarsu ta bayan Liba zuwa nan, tafiya ce mai karya ƙugun macen da ta doshi sittin. Ita da asibiti kuwa ba shiri, haihuwa bakwai ta yi a bukka ba allura. Amma rashin barci na wata takwas ya fi ƙarfin jiƙo da hayaƙi. A gidansu kuma mutum ya gwammace ya rame a tsaye da ya buɗe baki ya ce wa likita ba ya barci, don haka ta ɗaura zane ta taho.

Zuwan farko ta gaya wa Likita Wasila cewa ƙarar kamar injin niƙa ce da aka kashe ya ƙi yin shiru. Likitar ta yi dariya, wai ina mai tallan nono ta san inji haka. Da aka tambaye ta wane kunne, sai da ta ɗan yi tunani kafin ta taɓa na dama. Aka leƙa kunnen, tsaf yake.

Likitar ta rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi, ɗaya tak bayan sallar isha'i. Ta ce asalinsa maganin ciwon damuwa ne, amma idan aka ba da ɗan kaɗan yana kwantar da jiki ya kawo barci. Ba zai kashe ƙarar ba, zai dai rage mata kaifi. Dije na fita ta yar da kwalin, ta ƙulle ƙwayoyin a bakin zane, domin a ruga duk wanda aka gani da irin wannan magani ya zama mai taɓin hankali har jikokinsa.

Zuwa na biyu ta kawo rahoto dalla-dalla, kamar wadda ta yi hadda. Barci ya samu, baki na bushewa, safiya na zuwa da nauyin jiki, ƙarar tana nan amma ta zama abin da ake iya zama da shi. Likitar ta ji daɗi, ta ƙara mata na wata guda.

Yau abin ya zo da gardama. Ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, ta sake aunawa, ta riƙe wuyan hannunta tana duban agogo. Likita Wasila ta ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Inna, zuciyarki na tsallake bugu," in ji likitar. "Maganin ga na iya yin haka ga manya. Yau na tsai da shi."

Dije ta tuna watanni takwas ɗin nan: zagayen tsakar gida har kiran assalatu, tuwon da ke kwana a kwano, da ranar da gyangyaɗi a bakin aiki ya kusa cin hannu guda. Ta gaji, gajiyar da ta kai har ƙashi, kuma ba ta da ƙarfin sake ganin wannan.

"Ɗiyata, ki taimaka. Ko rabi-rabi ki ba ni."

"Ko kwata ba ni ba ki. Ina son ki da rai."

Likitar ta ja katin ta fara rubutu. Dije ta dubi biron yana tafiya. Ta yi ƙarya sau biyu a ɗakin nan ba ta ji komai ba, gaskiya ce yau take mata nauyi.

"Likita, ban taɓa haɗe ko ƙwara guda ba."

Biron ya tsaya.

"To wa ka shan shi?"

"Mai ciwon. Injin niƙa shika aiki Maiyama. Ya ce shi ba ya zuwa asibiti a rubuta mai maganin mahaukata. Matatai ka ba shi, ta ce mai na kunne na."

Ran likitar ya ɓaci, ta kuma faɗa ba ɓoyo. Wata biyu tana ba mutum magani ba ta ga idonsa ba, ba ta ji zuciyarsa ba. Ta ce zuciyar Dije za a duba ta daban, shi kuwa mai ciwon ba sauran ƙwaya sai ya zauna a kujerar nan da kati mai sunansa.

"Mi as sunanshi?"

Dije ta sunkuyar da kai. Ta nuna taga da haɓa, wajen dogon yaro.

"Inna, ga layi na jira. Ki kira shi, ko ku koma hannu rabbana."

Ta miƙe da ƙyar ta isa bakin ƙofa. Ta duba hagu da dama ko akwai wanda za ta aika, ba ta ga idon sani ba. Ta buɗe baki sau biyu tana rufewa. A na uku ta ce, "Aliyu," da ƙarfin da ya isa a ji.

Mutumin ya ɗago kai, ya dubi masu wucewa, ya dubi masu sayar da lemo, yana neman mai kiran. Ko kusa bai dubi inda take ba, domin shekara talatin da shida da Dije ta haife shi, ɗan farinta, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.