Ni Likitan Gida Nake So

Ana shirin tura Baba ɗakin tiyata, sai ya damƙe ƙarfen gado da hannu biyu.

"Wannan yarinyar da za ta yanka ni, a ina ta yi karatu?"

Nas ta ce a ƙasar waje. Baba ya ja tsakin da sai da na gadon kusa ya waiwayo.

Ƙaba ce ta murɗe masa tun safe, tana neman shaƙe hanji, amma bakinsa lafiya lau. Ya ce ya san irinsu sarai: su kasa samun gurbin karatu a jami'o'in gida, su hau jirgi, bayan shekara shida su dawo da farar riga da takardar da su kansu ba sa iya karanta rubutunta. Ya tambayi shekarar da ta nema, nan take ya faɗi makin shiga da aka yanke a shekarar, har da ɗigo.

"Na haura shi da bakwai, Baba," in ji likitar tana gyara safar hannu. "Sunana ne dai bai fito ba."

"Haka kowa ke cewa!"

'Yarsa ta durƙusa tana roƙo, ya ce ko zai mutu, likitan gida yake so. Likitar ta ɗaga kafaɗa ta fita. Aka aika a kira ɗan gida.

Sai ga shi ya shigo da fara'a, ƙato mai tumbi, yana lalube aljihu yana tambayar wa ya ga bironsa. Biron kuwa na bayan kunnensa. Ya leƙa fuskar mara lafiya, ya washe baki.

"Kai, Baba! Ashe kai ne? Mahaifina kullum sai ya yi maka addu'a. To, hagu ne ko dama?"

Baba ya karanta sunan da ke ƙirjin likitan. Ya cafke hannun nas.

"'Yata, don girman Allah, kira mini yarinyar nan."

Ita ta yi aikin, kwana huɗu aka sallame shi. 'Yarsa ta yi ta tambayar abin da ya canza masa ra'ayi, ya ce zafin ciwo ne.

Ina zai iya cewa shekara goma sha biyu da suka wuce, a ofishin ɗaukar ɗalibai, shi da hannunsa ya mayar wa ƙaton nan talatin da ɗaya ta koma tamanin da ɗaya, ya goge sunan wata yarinya ya rubuta nasa?