Ƙishirwar Kwalbati

Amalanken gyaɗa ɗaya tak ya bi ta kan sabon kwalbatin ƙauyen, sai ga tsaga daga wannan baki zuwa wancan.

Injiniyar da ta gina kwalbatin ta tsuguna a gefensa, takarda a hannu, ranta a dagule. Ranar da aka zuba kankaren, ita da kanta ta ɗiba ta yi dunƙule shida na gwaji, ta bar su a hannun mai unguwa. Bayan kwana ashirin da takwas aka kai biyar Kano, inji ya matse su, takarda ta ce ƙarfinsu ya wuce abin da ake nema. To me ya sa yanzu da ta karta ƙusa a jikin kwalbatin yake zubowa kamar garin ƙuli-ƙuli?

Ta juya ga mai unguwa. "Baba, ban ce a riƙa ba kwalbatin ruwa safe da yamma don kankaren ya yi ƙarfi ba?"

"Kin ce, 'yata," in ji mai unguwa. "Amma rani ne, rijiyarmu guga biyar take bayarwa ta ƙafe. Sai muka zauna muka yi shawara."

Ya kai ta zaurensa, ya buɗe wata randa. Ga dunƙule na shida kwance cikin ruwa mai sanyi, sumul, ko ƙusa ba ta kama shi.

"Kin ce waɗannan ne za su je Kano jarrabawa," ya faɗa yana murmushi. "Su muka shayar, kada su ba mu kunya."