Gilashi Biyu a Shagon Nathan

Yemima, ƙawata, zauna ki ji, don har yanzu zuciyata tafasa take.

Kin san shagon ɗana Nathan a bakin kasuwar Kafanchan, inda ake ɗaura wa mutum gilashi a fuska ya ga kamar yana wata ƙasa. Iri biyu ne. Akwai na roba da ake zura waya a ciki, akwai mai tsada guda ɗaya da ya aro.

Ran Asabar ƙanwarsa Hellen ta ɗaura na robar don ta ga Tekun Galili. Ba ta jima ba ta fizge shi, ta yi amai a gaban mutane. Cikinsu har da gwaggon Meshak, saurayin da zai aure ta bayan girbi.

Kafin a tashi sujada a coci ran Lahadi magana ta zagaya, wai ciki ne.

Hellen ta yi ta rantsuwa har muryarta ta dushe. Ta ce na robar, in ka juya kai hoton sai ya makara, zuciya ta tashi. Mai tsadar kuwa bin ido yake, ba ya sa jiri.

"Samari nawa suka sa ba su yi amai ba?" in ji Nathan. "Kada ki kashe mini kasuwa, madam."

Dangin Meshak suka ce a kira mijina ya gwada duka biyun, a ga ko da gaske na robar na sa jiri. Dattijon ikilisiya ne, shi ke karatun Littafi Mai Tsarki a gaban jama'a, maganarsa ba a ja.

Muka taho, hannunsa a kafaɗata. Nathan ya ɗaura masa na robar, ya zauna ƙyam, ko kai bai juya ba. Aka sauya masa ɗayan.

"Baba, yaya ka ji?" in ji Hellen.

"Duk ɗaya ne. Ban ji komai ba. Galili tana nan yadda aka rubuta."

Ta dube shi kawai, ko kuka ba ta yi ba. Washegari aka ɗage biki.

A gida na rufe ƙofa na ce masa, "Baban Nathan, ka sayar da sunan 'yarka don ka tsare kujerarka a coci." Na ce ayoyin da nake biya masa kowace safiya yana haddacewa, na daina. Na ba shi zuwa Lahadi ya miƙe a coci ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Kafin nan, Yemima, don Allah kada ki gaya wa kowa cewa tun bara mijina inuwa kawai yake gani.